Baba Isufu, Mai Ƙidayar Sanyin Shafa

Bayan sallar Asuba, kafin ya kurɓi shayi, Baba Isufu yakan tsuguna ya shafa ganyen bakin rijiya don ya ji abin da raɓa ta yi. Shekara arba'in da biyar ke nan yana haka a wata gona da ke Shafa, kan duwatsun Ɗa'if. Kabejin nan mai faffaɗan ganye da matan unguwar Ka'akiyya a Makka ke kwaɗo da shi, daga hannunsa yake fitowa, amma ƙalilan ne suka san fuskarsa.

A jikin bangon rijiyar yake zana ranar da raɓa ta fara daskarewa kowace shekara. Daga nan sai ya ƙirga mako bakwai baya, ya dasa. Kabejin da ya yi ƙwari kafin sanyi, zaƙi yake ƙarawa. Ɗanyen dashe kuwa ƙonewa yake yi.

Shekarar da Nawaf ya gaji gonar daga mahaifinsa, ya kafe sai an jira alhazai sun bar Mina kafin a dasa, wai haka ya ga ana yi yana ƙarami. Ya manta Hajji zagayawa yake yi, kuma a shekarar nan tsakiyar sanyi ya faɗo. Mutumin da ya girma a Aziziyya cikin Makka, ina ya san sanyi in ba na na'ura ba? Har ya ce wanda ya dasa kafin lokacin ya nemi wani aikin. Ga Baba Isufu da iyali a Makka, ba shi da wata sana'a.

"Ya Nawaf, wata yana tafiya, sanyi ba ya tafiya," in ji shi. "Ba ni kwami huɗu kawai in dasa yanzu. In sun mutu, khalas, shi ke nan, ni ma na tafi."

Mako guda bayan dashen Nawaf, raɓa ta daskare, gonar ta yi baƙi ƙirin. Kwami huɗun nan ne kaɗai suka tsaya kore shar.

Kai ne ka yi gaskiya, Baba, kuma ba ka yi gori ba. Ka kama hannun maigidanka, ka kai shi bangon rijiya ka koya masa ƙidaya. Wannan halin ya fi burge ni.

Bana gwiwa ta ƙi, Baba Isufu ya sauko Ka'akiyya hutawa. Mun gode, Baba Isufu, Allah Ya saka da alheri. Duk mai wani sani ya koyar da shi kamar yadda ka yi. Zanen bana a bangon rijiya, Nawaf ne ya yi shi da hannunsa.