Ruwan Kankare Fenti a Butar Baba

Jama'a, ku ji abin da ya same mu.

Mai fenti ya zo gyara mana ƙofar ƙarfe a gidanmu na Roni. Ya rasa mazubi, sai ya juye ruwan kankare tsohon fenti a buta, ya fita cin abinci. Ashe akwai asid a ciki.

Da aka kira azahar, Baba ya ɗauki butar. Yana zubawa a hannu ya ce, "Hadiza, ruwan nan cizo yake."

Ina dubawa na ga siminti yana kumfa! Na fizge butar, na yi ta kwarara masa ruwan randa.

Yanzu muna asibiti a Kazaure, tafinsa duk ya saluɓe. Ina kuka, ya dube ni ya ce, "Yi shiru. Allah ya so da hannu ake fara alwala."