Ranar da Kunyar Surukuta Ta Rufe Mana Na'urori

Akwai wata safiya a Tanout da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Bayan na gama yawon aikin na'urori a Aljeriya da Faransa da Abijan, na dawo gida da furfura. Wata ƙungiya ta ba ni kula da ɗakinta na ordinato, wato kwamfuta, a nan Tanout, inda malaman makaranta na ƙauyuka ke rubuta jarrabawar ƙarin girma sau ɗaya a shekara. Na'urorin ɗakin fanko ne. In mutum ya sa sunansa, sai su tambayi babbar ma'ajiyar bayanai da ke Damagaram: wane ne wannan, wane tsari za a buɗe masa? In ta yi shiru, babu mai shiga. Maganin abin kuwa sananne ne: a ajiye kwafin tsarin kowa a cikin ɗakin, yana sabunta kansa, don ranar da Damagaram ta ɗauke.

Irin wannan ɗakin da ke garin Belbédji, mijin 'yata ne ke riƙe da shi. Ana saura mako ɗaya jarrabawa ya biyo ta wurina. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, an wuni lafiya? Ya ƙoƙari?"

Na ga idonsa ya tsaya a kan allona, inda ake ganin ajiyar kwafin a kashe. Haka masu haɗa na'urorin suka bar ta, ni kuma ban lura ba. Ya buɗe baki, ya rufe. Na san da magana a cikinsa. Amma wa ke tsare surukinsa da tambaya? Na kau da kai, na ce ya gaida gida. A Faransa na ga yarinya ta ce wa shugabanmu ya yi kuskure a gaban kowa, ya yi mata godiya. Ni da na yaba wannan a can, a gida sai na zama gunki.

Ranar jarrabawa ma'ajiyar Damagaram ta faɗi. Malamai sun cika ɗaki, kowa na sa sunansa, na'ura na korarsa. Na kira Belbédji.

"Ku ma kun tsaya?"

"A'a Baba, mu muna kan kwafi." Sannan a hankali ya ce: "Na ga naku a kashe rannan. Nauyin faɗa na ji."

Na ce masa ai na ga ya gani, ban dai tambaya ba; na manta na saki muryar wayar, kowa na ji. Wata malama daga Falanko, da goyo a bayanta, ta ji komai. Tun asuba ta hau motar kasuwa ta zo.

"Alhaji, wato shi ya gani, kai ka ga ya gani, kuka yi ta gaisuwa?"

Wani ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ku yi kunyarku a zaure mana. Ni shekara guda nake karatu da yaro a cinya."

Kwafi ba ya kunnuwa in ma'ajiyar ta riga ta faɗi, don babu inda za a kwaso shi. Na cusa ta da wasu a motata, sauran suka bi ta haya, muka kama hanyar Belbédji, yashi na riƙe mana taya. Surukina ya tarbe mu, ya zaunar da su a na'urorinsa. Amma lokacin rufewa ɗaya ne ga duk jihar. Ina tsaye a bayanta allon ya rufe, ba ta kai rabi ba. Ta gyara goyonta ta fita, ko kallona ba ta yi ba. Sai da shekara ta zagayo ta ci.

A ranar na kira surukina gefe, na yi masa magana da Faransanci, don da Hausa bakina ba zai iya ba. Na ce daga yau, in muna bakin aiki, da wannan harshen zai gyara ni, kuma a tsaye. A gida har gobe yana durƙusa mini, ina kau da kai, kuma ina son hakan. Abin da na koya shi ne, kunya tana da kyau muddin masu yin ta ne ke ɗaukar nauyinta. Tamu, wata baiwar Allah ce daga Falanko ta ɗauka.