Ɓarɓashin katakon jita da na zuba a kasko

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni mai sayar da turaren wuta ce a unguwar Bracodi, cikin Adjamé, kuma ina ji da kaina. Iyayenmu daga Nijar suka zo, a hannun inna na koyi sana'ar. Hancina ne jarina, ko ido rufe aka miƙo mini itace sai na faɗi sunansa. Ina da wani hali kuma: ba na iya ganin abu zai tafi bola in kau da kai.

Ƙanena, autanmu, a nan aka haife shi, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Ya yi boko har ya gaji, sannan ya koma ƙera jita da hannu a wani ɗan ɗaki a unguwar Treichville. Nakan tsokane shi cewa duk karatun nan a gurmin Turawa ya ƙare. Amma hannunsa na da kyau. Yakan bi rumbunan katako na wajen tashar jiragen ruwa ya zaɓo masu launi, ya jiƙa, ya lanƙwasa su a jikin bututu mai zafi, ya yanka wasu siri-siri ya jera a bakin ramin jitar kamar zanen lalle. Ranar da na je gaishe shi na same shi yana goge wani katako mai duhu da yake kira bete, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Na yi masa dariya, na ce namiji guda yana tsoron ƙura. Da ya fita sallah na ga ɓarɓashin a buhu, ja-ja, gwanin kyau. Na cika leda ban tambaye shi ba, don a ganina yaya ba ta neman izinin ƙane a kan shara.

Na soya shi da sukari da turare kamar yadda na saba, na rufe a kwalba. Ban ko gwada ba, na ajiye wa 'yata da ke da tsohon ciki. Ta haifi mace. Kafin suna, wata rana da la'asar ana ruwa, muka rufe taga, na zuba shi a kasko na tura ƙarƙashin gado, na fita dafa mata kunun kanwa. Da na dawo na tarar da ita ta jingina da bango, jini na bin hancinta, tana cewa ɗakin na juya mata. Jaririyar ba ta kuka. Leɓɓanta sun yi duhu, ƙirjinta na lotsawa ciki duk numfashi.

Ban san yadda na fito titi da su biyun ba, ba takalmi, ba mayafi. Motoci sun cushe saboda ruwa. A cikin tasi na sa kunne a bakin jaririyar ina sauraro, in na ji shiru sai in girgiza ta. Tsoro irin wannan ban taɓa jinsa ba, ko addu'a ta kakare mini, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. A asibiti likita ya shinshina zanen goyon ya tambayi abin da muka ƙona. Na kira ƙanena. Ya zo jiƙe sharkaf da guntun katakon da gwangwanin maganin ƙwarin da yake shafa masa, ya ce ƙurar bete kaɗai kan sa ƙato haɓo, shi ya sa yake rufe hanci. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Allah ya rufa asiri, uwa da 'ya suka tashi, amma ƙirjin yarinyar bai koma daidai ba. Na gane cewa sanin itacen turare daban, sanin kowane itace daban, kuma garin neman gira na kusa rasa ido. 'Yan'uwana mata, duk itacen da ba ku san asalinsa ba kada ya shiga kaskonku, balle a ɗakin jego, kuma ku tambaya ko da ƙaninku ne. Jikata yanzu ta shiga makaranta, ƙamshi kaɗan ke tayar mata da tari. In na taso daga kasuwa ta sheƙo da gudu za ta rungume ni, sai in ɗaga mata hannu daga nesa, ta tsaya a bakin ƙofa tana jira har in yi wanka in sauya kaya.