An ɗora wa turaren wuta laifin bututu

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban leƙo nan ba. Masu cewa Zainabu ta yi kuɗi ta daina gaisuwa, ku yi haƙuri, jinya na yi. An roƙe ni in yi shiru a kan dalilin ciwon, na kuwa yi, amma yau shirun ya ishe ni.

Bara muka canza hitar ruwan zafi a gidanmu na East Greensboro. Muka sa ƙaramar nan marar tanki mai aiki da gas, wadda sai an buɗe famfon ruwan zafi take kama wuta. Maigidana ya so kiran kamfani, aka ce masa ga ɗan uwanmu mai gyare-gyare, masallacinmu ɗaya, don me za a kai wa bare aiki? Shi ya kafa mana ita a lungun wanki, jikin kicin.

Bayan wata guguwa da ta taso daga bakin teku ta jibga mana ruwa da iska, ciwon kai ya fara min. Sai jiri, sai tashin zuciya. Kun san sana'ata, girkin suna da biki, kullum hannuna na cikin ruwan zafi ina wanke tukwane. Maigidana direban tirela ne, yana hanya, shi garau yake.

Na kira Mama a Kumasi, ta ce, "Ko dai ciki ne, kina ɓoye min?"

In na fita sai in ji sauƙi, in na dawo sai ciwo ya dawo. Nan aka fara cewa gidan ne ke da iska. Na sha rubutu, na sha tofi. Na je asibiti, suka maƙala min abin awon iskar jini a yatsa, suka auna hawan jini, suka ce ciwon kai ne na gajiya, in huta.

Wata rana na'urar gargaɗi da ke jikin silin ta ɗauki kuka. Na kira mutumin da ya sa mana hita. Ya shigo, ya shaƙi iska, ya yi dariya.

"Hajiya, turaren wutarku ne. Ku mata kun mai da gida shagon turare."

Ya taka kujera, ya cire batirin, ya danƙa min a hannu. Ko ƙofar lungun wankin bai buɗe ba. Ni kuma don kunya har haƙuri na ba shi, na tattara turarena na kulle a akwati. Duk lokacin da na tuna wannan haƙurin sai raina ya ɓaci.

Ranar da na faɗi, tukwanen wani suna nake wankewa da hantsi. Anti Rakiya, maƙwabciyata, ta zo karɓar kulolinta, ta same ni kwance a ƙasan kicin. Ita ta ja ni waje ta kira motar asibiti. 'Yan kwana-kwana na shiga gidan, abin awonsu ya fara ihu tun daga bakin ƙofa.

Kabon monoksaid. Hayaƙin gas ne mai guba, ba shi da wari, ba a ganinsa. Bututun da ya kamata ya fitar da shi waje ba irin na wannan hitar ba ne. Danshi ya cinye shi da tsatsa, an naɗe mahaɗinsa da salatif, iskar guguwa ta ƙarasa raba shi. Duk tukunyar da na wanke, guba nake shaƙa.

Aka rufe min fuska da abin iskar oksijin, aka ɗibi jini a wuyan hannuna, aka duba zuciya. Likitar ta ce, "Da maƙwabciyarki ta tsaya shan shayi kafin ta zo, da ba mu yi wannan hirar ba." Na ji tsoro ƙwarai. Takardar kuɗin asibiti kuwa, ita ma ciwon kai ce mai zaman kanta.

Na dawo gida da mantuwa. In zuba gishiri in sake zubawa. Wata rana ina salla Fatiha ta tsaya min a tsakiya, na zauna kan dadduma na yi ta kuka. Yanzu alhamdu lillahi kaina na dawowa, na koma girki.

Ina cikin murmurewa wani dattijon masallacinmu ya zo dubiya. Bayan addu'a ya ce, "'Yata, ƙaddara ce. A rufa wa yaron nan asiri, da iyali yake, ba shi da lasin aikin. Magana ta fita, ya shiga uku."

Na ce, "Alhaji, na ji. Amma taku hitar, wa ya sa muku?"

Ashe shi ma wannan mutumin ne ya sa musu. Jikokinsa a gidan suke kwana. Kafin la'asar ya kira maigidana yana neman lambar kamfanin da ya gyara mana tamu, ya ƙara da cewa kada kowa ya ji.

Ya duba gidansa ke nan. Sauran gidajen fa, su wa zai gaya musu?

Don haka ku ji. Aikin gas a ba mai lasin aikin, ko da ba ya jin sannu da Hausa. Ku sa na'urar gano wannan hayaƙi, in ta yi kuka ku fita waje ku kira 'yan kwana-kwana, kada ku taɓa batirin. Bayan kowace guguwa a duba bututu ciki da waje. In ciwon kai na sakinku a waje yana kama ku a gida, ku faɗa wa likita haka, ku nemi gwajin jini.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Anti Rakiya, ba ni da bakin gode miki, Allah ya biya ki da Aljanna. Na gode wa ma'aikatan asibiti da duk wanda ya kawo min koko ko ya yi min addu'a.

Ban kira sunan mutumin ba, Alhaji, na cika maka wannan. Amma duk wanda ya sa wa hita ya san shi. In gidanku na ciki, kada ku buɗe ruwan zafi yau sai an duba bututun.