Idon Kyamarata da na Taubashina

Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Ya girme ni da 'yan shekaru, kuma shi ya koya mini ɗaukar hoto. Yana zaune a Kebbe, ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal. Lokacin da na fara zuwa wurinsa koyo na riga na yi aure har da 'ya'ya biyu, amma bai fasa kirana ɗalibi a gaban mutane ba. In yana son ya ƙular da ni sosai, sai ya ce "Malam", yana jan kalmar.

Kyamararsa irin ta da ce, babban akwatin katako mai ƙafa uku, da fata a tsakiya tana buɗewa tana naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Sai ka lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle, ka dubi gilashin baya, ka ga mutumin da ke zaune a gabanka kai ƙasa ƙafa sama. Fim ɗin falle-falle ne, kowane falle ya kusa shafin littafin rubutu, hoto ɗaya falle ɗaya. Gilashin da ke gaba kuwa, wanda haske ke shiga ta cikinsa, shi muke kira ido.

Idon kyamararsa tsoho ne mai bakin tagulla. Tare da kyamarar ya same shi a hannun wani Bayarabe da ya koya masa sana'ar a Sakkwato. Nawa na samo shi daga baya, a wani shagon hoto da ake rufewa a Kaduna. Baƙi ne, in ka karkata shi a rana sai ka ga yana ƙyalli kamar wuyan tattabara. Ranar da na fara wanke hoton da na ɗauka da shi, na ga zanen hula zare-zare, farin ya yi fat, baƙin ya yi ƙirin. Ban iya jira ba, na hau babur na kai masa har Kebbe. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini ya ce hular ta yi kyau, amma ina mai hular?

Daga nan muka fara musun da ya ɗauke mu shekaru. Ni ina cewa idonsa hayaƙi ne, hoto na fitowa kamar an ɗauke shi a madafi ana hura ɗanyen icce. Shi yana cewa nawa ba shi da kunya, ba ya bar wa kowa asirin fuskarsa. A wurin suna mun yi, a wurin ɗaurin aure mun yi, har matanmu suka gaji, da sun ji an ambaci ido sai su tashi.

Wata shekara bayan girbi ya ce mu daina surutu, mu gwada. Muka shirya cewa kyamara ɗaya za a yi amfani da ita, tasa, da fim daga kwali ɗaya, a wuri ɗaya, ido kawai za a canja. Wanda za mu ɗauka kuwa kawuna ne, mahaifinsa, da ke Fakku yana noma da ɗan kiwon shanu. Taubashina ne ya zaɓe shi, kuma ya san abin da yake yi. Kawu baƙi ne sosai, ga farin gemu, ga farar riga mai aiki a wuya. Duk mai hoto ya san ba abin da ya fi wannan wuya, in ka kama rigar fuskar ta nutse, in ka kama fuskar rigar ta ƙone.

Muka zaunar da shi da hantsi a inuwar tsamiyar ƙofar gida. Na fara ɗauka da nawa, muka kwance shi, aka ɗaura mai tagulla, ya ɗauki nasa. Kawu bai motsa ba, sai dai ya tambaya ko za mu gama kafin shanu su gaji da jira. A Kebbe muka wanke su, a ɗan ɗakin da ya toshe tagarsa da bargo, magani ɗaya, lokaci ɗaya. Da suka bushe muka shimfiɗa su a tabarma, muka aro ɗan madubin nan na mai gyaran agogo, muka durƙusa a kansu muna karɓa-karɓa.

A nawa ana iya ƙidaya gashin gemun. Aikin wuyan rigar ya fito har inda allura ta kauce. Amma kumatun Kawu sun haɗe da inuwar tsamiya, idanunsa kawai ke haske a cikin duhu. A nasa gemun ya yi laushi kamar sabuwar auduga, zaren rigar ma sai ka ƙura ido. Sai dai fuskar tana nan gaba ɗaya, goshi daban, kunci daban, har da tabon da saniya ta yi masa a ƙarƙashin ido, wanda a nawa babu shi sam. Na gani, shi ma ya ga yadda gemun ya fito a nawa. Muka yarda mu kai wa mai fuskar ya raba mu.

Kawu ya riƙe su ɗaya a kowane hannu, ya nesanta su, ya kusanto da su. Can ya tambaya me ya sa ba mu sa bijiminsa a ciki ba, alhali yana ɗaure a nan kusa. Hukuncin da muka samu ke nan. Muka dawo muna dariya a kan babur har muka kusa faɗawa kwazazzabo.

Da damina ta kama sai muka yi musanya, ya riƙe nawa na riƙe nasa. A watannin nan na ɗauki tsofaffin mata masu shirin aikin Hajji daga Jabo da Dogon Daji, kuma ba wadda ta dawo mini da hoto ta ce ba ita ba ce, abin da na saba ji a da. Shi kuma aka kira shi ya ɗauki 'yan makarantar Islamiyya sahu huɗu, ya ce mini har na ƙarshen layi uwarsa ta gane shi. Da kaka kowa ya karɓi abinsa, muka ci gaba da musu kamar ba a yi ba.

Daga baya babban fim ya fara wuyar samu, har ya ɗauke. Ƙananan kyamarori masu kala suka cika gari. Muka koma sa takardar wanke hoto a madadin fim, ita kuwa takarda ba ta san tsaka-tsaki ba, ko fari ko baƙi. Da ita idona ya zama ba ya moruwa, fuskoki suna fitowa kamar gawayi. Nasa mai hayaƙin nan shi ya riƙa sassauta ta. A wannan karon na faɗa masa da bakina cewa nasa ya fi. Na ɗauka zai yi ta yi mini tsiya, amma sai ya ce kawai takarda ce ta zaɓa, ba shi ba.

A wajen lokacin ne ya aiko mini da saƙo cewa idon tagulla ya lalace, in zo in duba. Ya nuna mini hotuna biyar, duk sun yi dishi-dishi. Na shiga ƙarƙashin ƙyalle, na murza, sai ga ƙofar gidansa ta fito ras a gilashi. Ba abin da ya sami idon kyamara. Da na fito na dube shi a hasken rana, sai na ga farin abu kwance a tsakiyar ƙwayar idonsa, duka biyun. Shi ya riga ni magana.

"Malam," ya ce, wannan karon bai ja kalmar ba, "hwaɗa mini gaskiya. Ba shi na ba, ko?"

"Ba shi na ba," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce dama ya sani tun kafin azumi, so yake wani ya duba masa.

An yi masa aiki a ido ɗaya a Sakkwato, bai yi wani amfani ba, ya ƙi yarda a taɓa ɗayan. Daga nan duk ranar Asabar nakan hau babur in tafi Kebbe. Masu zuwa ɗaukar hoto sun ragu, sai tsofaffin da suka saba da shi. Shi ke zaunar da mutum, ya taɓa haɓarsa ya juya ta wajen haske, don har lokacin yana gane inda haske yake. Ni kuma in shiga ƙyalle in daidaita. Yakan tsaya a gefena ya ce, "Mi kaka gani?" Sai in faɗa masa: goshin ya yi haske da yawa, kunnen hagu ya ɓace. Ya je ya ja kujerar taki ɗaya, ya dawo ya sake tambaya. Shi ke buɗe murfin ido, ya ƙidaya a ransa, ya rufe. Bai taɓa bar mini wannan ba.

Wata Asabar ba wanda ya zo. Muka zauna har azahar, sai ya ce in hau kujera, yau shi zai daidaita da kansa. Ya daɗe a cikin ƙyallen, ina jin yana murzawa gaba, yana murzawa baya. Ya fito gumi na zuba, ya ce kada in motsa. Da na wanke hoton, fuskata ta yi dishi-dishi, amma zanan da ke bayana ya fito kara ɗaya-ɗaya, da ƙwaryar da matarsa ta kife a kan dangar. Ya tambaye ni yadda ya fito. Na ce ya fito. Na yi masa alkawarin mako mai zuwa zan zo da nawa idon in ɗauke shi, tunda duk shekarun nan ban taɓa ɗaukarsa ba.

Makon nan aka yi ruwa kwana uku, hanya ta yanke. Na ce sai na gaba. Ranar Laraba aka aiko cewa ya rasu bayan sallar la'asar, zazzaɓi ne na kwana biyu.

Bayan sadakar arba'in matarsa ta ce in ɗauki kyamarar, ba mai amfani da ita a gidan. Na ce a bar ta tukuna. Har yanzu tana can a ɗakinsa, an rufe ta da zane. Nakan je Kebbe in gaida iyalinsa, in zauna a zaure a kawo mini fura. Jikokinsa su zo su ɗauke ni hoto da waya, su nuna mini, su tambaya ko ya yi kyau. Nakan ce ya yi. Wani lokaci sai in ga goshin ya yi haske da yawa, in juya gefena zan faɗa, sai in tuna, in miƙa musu wayarsu.