Mutumin da Yake Sauraron Ɗaki

Shekara ashirin da shida yana buɗe situdiyon ɗaukar waƙoƙin nan da ƙarfe bakwai na safe, kuma abin da yake fara yi bai taɓa canzawa ba. Zai kashe fanka, ya zare wayar firij, ya sa kowa ya ajiye wayarsa a kwali a bakin ƙofa, sannan ya tsaya tsakiyar ɗakin ya rufe ido minti guda cur. Sauraron ɗaki yake ce wa wannan. In akwai abin da ke ƙara, ko sauro ne a bayan labule, sai ya nemo shi kafin a kunna makirfo. Mawaƙa suna masa dariya, suna kiransa Baba Kunne. Aikinsa haɗa sauti: ya ɗauki murya, ya daidaita ta da kiɗa, ya miƙa, a buga sunan wani a kai.

Bara wata mawaƙiya ta fitar da waƙar soyayya mai sanyin kiɗa, waƙar ta kwanta, babu wanda ya waiwaye ta. Shi ya sake mata zubi. Ya ƙara mata sauri, ya sa mata ganga mai nauyi, ya kira mawaƙiyar ta sake rera amshin. Cikin mako uku gidajen rawa suka ɗauka, ta hau ta huɗu a jerin waƙoƙin da suka fi tashe. Gidan rawa ba wurin zuwana ba ne, kuma ba zan yi ƙaryar ina sha'awarsa ba. Ba rawar nake yabo ba. Abin da mutumin nan ya yi ran wata Talata nake yabo.

Da azahar mai saka faifai a wani babban gidan rawa ya bugo masa waya.

"Baba, akwai fito a waƙar nan."

"Wane irin fito?"

"Siriri, kamar allura, a amshi na biyu. A waya ba ya fitowa sosai, amma a manyan lasifikoki har toshe kunne ake. Ni dai na cire ta, abokan aikina biyu ma sun cire."

Baba Kunne ya rufe ƙofa ya kunna amshin. Bai ji komai ba. Ya ƙara sauti, ya sake. Sau goma sha ɗaya. Sai ya tuna yadda watannin nan butar shayi ke ihu a kan wuta yana zaune kusa da ita, sai matarsa ta taso daga ɗaki ta sauke tana harararsa. Ya daɗe yana ce wa kansa tunani ne ya yi masa yawa.

Manajan mawaƙiyar ya iso yana huci. "Lasifikarsu ce ta tsufa, Baba. Ka faɗi haka kawai, magana ta mutu. Ran Juma'a sabon jeri zai fito. Duk garin nan wa zai ƙaryata kunnenka?"

Gaskiyarsa, babu wanda zai ƙaryata. Kalma ɗaya ce, ya ci gaba da zama a kujerarsa, a ɗora wa mai faifai laifi. In kuwa ya faɗi abin da yake tsoro, aikin ya ƙare, don ba a kawo wa kurma waƙa. Sai ya tashi ya tafi gida, ya taso matarsa daga kan keken ɗinki, ya kawo ta situdiyo.

"Shekara nawa kana hana ni ɗakin nan, wai takalmina yana ƙara," in ji ta tana gyara mayafi. "Yau kuma waƙa za ka sa ni, Baban yara?"

"Zauna nan. In kin ji fito, ɗaga hannu."

Ta ɗaga hannu.

"Haba, ai ban kunna ba tukuna."

"To ni ina ji. Ga shi can daga sama."

Ya ɗaga kai. Sabon ƙwan lantarki ne da aka sa a saman makirfo wata biyu da suka wuce. Ya kashe shi, ta sauke hannu. Ya kunna, ta ɗaga. Wata biyu yana tsayawa ƙarƙashin ƙwan nan kullum safe, ido a rufe, yana cewa ɗaki ya yi shiru.

Bai jira gobe ba. Ya kira mawaƙiyar da manajanta ya ce, "Laifina ne. Kunnena ya tafi."

Mawaƙiyar ta fashe da kuka. "Baba, kar ka faɗa wa kowa. Mu riƙa kawo Mama tana ɗaga hannu."

"Ni da ɗinkin mutane a gabana?" in ji matarsa.

"'Yata," ya ce, "duk wanda ya shigo nan kunnena ya zo nema, ba na matata ba. Shiga ki sake amshin."

Aka sake, a cikin duhu, matarsa na zaune hannunta a cinya, aka tura wa gidajen rawa sabon zubin. Da kansa ya buga wa mai faifai waya ya ce, "Lasifikarka lafiya lau take. Ka yafe mini." Kwana uku bai ci abincin kirki ba, yana tsoron gidajen rawa sun riga sun wuce waƙar. Ran Juma'a ta sauka zuwa ta shida. Mako biyu bayan haka ta hau ta ɗaya, ta yi wata guda a can. Ku duba hotunan, ku duba allunan talla, ba za ku ga sunansa ba. Ƙarshen watan nan zai miƙa makullin situdiyon ya bar aiki.

Baba Kunne, kai ne wanda aka miƙa wa ƙarya a tafin hannu, ƙaryar da babu mai kama ka da ita, ka ƙi karɓa. Kai ne ka zaɓi ka rasa kujera da ka ɓata sunan wanda bai yi komai ba. Mun gode. Allah ya kiyaye maka sauran jin da ya rage.

Ku kuma da kuke manne da kujeru alhali kun san idonku ko hannunku ya gaza, kuna neman na ƙasa ku jingina masa laifi, ku ji kunya. Mutumin nan bai jira an kama shi ba.

Ƙwan nan ya kwance shi ya kai gida, wai kada a yi asara, zai sa a kicin. Matarsa ta ce sam. "Kai ba ka ji," in ji ta, "ni ina ji."