Zulai Iliyasu, Wadda Ta Yanke Ƙafafun Bencin Gwamnati

Da hantsin ranar Talata, 11 ga Maris, 1997, ina tsakiyar awon ciki, direban da ke kawo mana magani daga Hunkuyi ya leƙo ya ce, "Sista Selina, sai haƙuri. Zulai ta rasu jiya a Zariya." Zazzaɓi ne na kwana biyar. Shekararki ashirin da huɗu, saura wata uku ki kammala karatun tsara cikin gine-gine.

Zulai, ni ungozoma ce, ban saba rubutu ba. Amma idan na yi shiru, na ci amanar matan garinmu, Taba.

Bara kika zo mana, lokacin da aka rufe makarantu saboda yajin aiki. Kika ce an ba kowane ɗalibi aikin gyara wani wurin jama'a, abokanki sun zaɓi otal-otal na birni, ke kuwa ɗakin jira na ƙaramin asibitinmu kike so. Na yi dariya. Na ce, "'Yata, a wannan zamani na tsuke bakin aljihu, ko audugar wanke ciwo sai mun yi tsimi. Ina za mu ga fenti?" Kika ce ba ki tambaye ni fenti ba, kujera kawai zan ba ki.

Kwana uku kina zaune a lungu da littafi, kina kallo. Kika ga abin da na shekara shida ban gani ba. Ranar awo mata huɗu ko biyar ke zuwa, ni kuma kullum ina cewa jahilci ne. Ke sai kika bi su gida-gida kika tambaya. Kika dawo da gudu, mayafi na zamewa, kina cewa, "Sista, ƙofar ce! Tana kallon inuwar da maza ke shan rake. Wace mai tsohon ciki za ta zauna surukinta na kallonta? Ga bencin ya yi tsawo, ƙafa na lilo, ba wurin jingina."

Daga nan aiki ya kankama, kai ka ce biki ake shiryawa. Kika sa aka buɗe ƙofar baya da ta daɗe a garƙame, aka kewaye ta da zana. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka yi wa gindinsa makuba. Randa biyu suka zauna a inda iska ke ratsawa. Sannan kika roƙi kowace mace a unguwa ta ba ki faifai ɗaya na saƙar hannunta, kika jera su a bango daga ƙofa har taga, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ban taɓa ganin ɗaki ya yi dariya ba sai ranar.

Amma da Usmanu kafinta ya ɗora zarto a ƙafar benci, sai na ce ya dakata. Kayan gwamnati ne, ga lamba a jiki, kuma mulkin soja ake yi. An sallami mutane daga aiki a kan abin da bai kai wannan ba, ni kuwa marayu uku nake riƙo. Kika kama hannuna kika ce, "In an tambaya, ki ce ni ce. Amma ki bari mu gwada." Na rufe ido na ce ya yanka.

Bayan mako biyu mai duba asibitoci ya iso ba sanarwa, ranar awo. Ya tsaya a bakin zana ya kasa samun hanya, domin mata talatin da ɗaya ne a ciki. Wasu awo ya kawo su, wasu sun rako ne su nuna wa 'yan'uwa faifansu a bango, na kuwa auna su duka. Ya dubi bencin, ya dube ni, ya ce, "Wa ya yanke wannan?" Kafin in buɗe baki kin miƙe. Ya dube ki, ya ce, "Akwai irinsa shida a asibitin Janfalan. Yaushe za ki je?" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ɗakin ya ɗauka. Na rungume ki ina kuka ina dariya.

A cikin matan ranar har da Sabuwa, wadda muka gano jininta ya hau, muka tura ta babban asibiti da wuri. Ta haifi tagwaye lafiya. Jiya ta zo da su a goye da rungume, ta zauna ta yi ta kuka.

Kin je Janfalan kin yi. Kin fara zana masaukin baƙi a Makarfi da wani gidan abinci a Ikara, abokan karatunki sun ce da hannunsu za su ƙarasa su yadda kika tsara.

Ni Kirista ce, ke Musulma, amma ba ki taɓa kirana da wani suna ba sai na uwa idan mun keɓe. Allah Ya jiƙanki, 'yata, Ya yafe miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce gidanki. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyayenki, Malam Iliyasu da Inna Adama, da 'yan'uwanki, da malamanki. Kun yi tarbiyya, mun ci moriyarta. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya ba mu duka. Amin.